Kawu Mai Roƙon Fatar Layya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, bayan wani zazzaɓi da bai daɗe yana jinyarsa ba. Na ɗauki alƙalami ne don na ji mutane sun fara cewa "tsohon nan baduku" kawai, kamar ɗinkin takalmi da gafaka ne iyakar abin da ya yi a duniya. Ni kuwa saboda shi gidana yake tsaye yau, don haka ba zan yi shiru ba.

Ranar rasuwar muna cikin gida muna kuka, sai matar Kawu ta leƙa zaure ta dawo tana salati. Ta ce ƙofar gida ta cika da maza, rabinsu ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Dukawan kasuwa sun zo, maƙwabta sun zo, har da gandurobobi cikin kakinsu. Amma akwai wasu da suka zauna can bakin tabarma, kai a sunkuye, ba mai yi musu magana. Unguwa ta san ko su wane ne. Tsofaffin fursunoni ne, waɗanda Kawu ya koya wa dukanci a gidan yari. Wani ya tako a ƙasa tun daga Wamakko. Wani daga Sabon Gari ya zo, Hausarsa ma ba ta gama nuna ba, yana ta rusa kuka kamar ubansa ne ya mutu. Mata masu shigowa gaisuwa suka ce da aka tashi sallar gawa, wasu maƙwabta sun jawo takalmansu kusa da ƙafa suna satar kallon baƙin. A tsakiyar kuka sai da dariya ta kuɓuce mini, don na san da yawan takalman nan mutanen da ake tsoro ne suka ɗinka su. Su ne suka haƙa kabari, su ne kuma suka yi ta rige-rigen kama makara har maƙabarta.

Maganar da ta tsaya mini a rai ta mahaifina ce. A wurin zaman makoki aka ji Baba ya ce, ba da ƙarfi ba, "Wanda ka riƙe da shi ya tahi. Sai mu zura ido." Bai kama suna ba. Amma kafin la'asar maganar ta iso cikin gida, kuma kowa ya san da maigidana yake.

Dole in faɗi abin da dangi ba sa son a faɗa. Maigidana ya shiga gidan yari sau biyu. Maraya ne, ya tashi yana dako a rumfar hatsin Baba. Baba ya ga ƙwazonsa da ladabinsa ya ba shi ni, ni ma kuwa ban ƙi ba. Sai aka yi wata shekara ta yunwa, hatsi ya yi wuya a kasuwa, ɗan dako ya rasa abin ɗauka. Ba shi da gona, ba shi da sana'a, sai ƙarfin wuya. Ya kama akuyar mutane, aka ɗaure shi. Da ya fito ba mai yarda ya ɗora masa kaya, kowa na cewa zai bi wani lungu da su. Ba a daɗe ba ya ɗauki turmin zane a rumfar wani, aka sake mayar da shi. Ba wanke shi nake ba, abin da ya yi ya yi. Baba ya aiko aka kwaso ni da 'yata da kayan ɗakina, ya ce gaban alƙali za a je a raba auren. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don da hannunsa ya zaɓe shi.

Ni kuwa ina son mijina. Na faɗa wa Inna, ta ce in rufe bakina kada Baba ya ji. Da na rasa inda zan kai kuka, sai na aika wa Kawu.

Wanda bai san Kawu ba, ga shi: gajere ne, siriri, hannayensa jajawur da karan dafin rinin fata, ko ranar Sallah ba sa fita. Ba ya iya zama hannu sake. In ya zo gaishe ka, bakinsa na gaisuwa idonsa na kan takalminka, can sai ka ji ya ce, "Cire in gani." Yabo kuma bai iya ba. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya san maganarsa guda. Zai juya ɗinki, ya kai shi kusa da ido, ya ja da haƙori, sannan ya ce, "Ya yi kyau. Warware." Matarsa takan ce ko tuwo ta ajiye masa sai ta tsaya ta ji ko zai ce ta warware.

Ya zo da hantsi, na laɓe bayan bangon zaure ina ji.

"Malam, alhwarma niz zo nema," in ji Kawu. "Ka aje maganar alƙalin ga har yaron nan shi hito."

Baba ya ce, "Shi hito shi yi mi, Yaya? Da yah hito wancan karon mi yay yi?"

"Wancan karon hannu wohi yah hito. Wanga karon ba shi hita hakanan."

"Wa ka cika mai hannun?"

"Ni."

Baba yana jin nauyin Kawu, ba ya iya yi masa musu kai tsaye. Daga baya ya ce, "Don girmanka na bari. Amma in yas sake, ko allura ta, ɗiyata ba ta ƙara kwana gidanai." Wannan sharaɗin shi na kwana da shi na tashi da shi shekara da shekaru.

Washegari Kawu ya rufe rumfarsa ya tafi wurin Yari, shugaban gidan. A lokacin aikin fursuna bai wuce sharar hanya da yankan ciyawa da ɗebo ruwa ba. Mutum ya gama wa'adinsa ya fito da abin da ya shiga da shi, sai ƙarin baƙin suna. Yari ya saurare shi, ya ce zai ba shi inuwa a wani gefe, amma babu tanadin fata ko zare a wurinsa, kuma batun wuƙa a hannun fursuna yana ba shi tsoro. Kawu ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya kafa 'yar rumfa, ya ɗaure kowace wuƙa da doguwar tsirkiya a jikin dirka, shi kuma ya zauna a tsakiya inda kowace wuƙa za ta iya kai masa. Don mutum guda ya je. Amma ranar farko sauran suka kewaye su suna leƙe, ya dawo yana ce wa Inna, "Ƙaƙa zan koya ma guda, saura na kallo kamar awaki?"

Sai matsala ta taso. Mai koyo ɓarnar fata yake yi, ya yanka a karkace, ya huda inda ba a hudawa. Kafin damina ta faɗi, duk fatun da Kawu ya tara na sana'arsa sun ƙare, matarsa ta fara yi masa mita, kuma da gaskiyarta. Ana cikin haka Babbar Sallah ta matso. Kowa ya sani mai layya ba ya sayar da fatar dabbarsa, sai dai ya yi buzu da ita ko ya ba da ita sadaka, yawanci ga malaminsa. Kawu ya je ya tambayi limamin unguwa ko sadakar fata tana halatta ga ɗaurarre. Liman ya ce tana halatta.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi an yi yanka, kowa na cikin sabuwar riga, sai ga Kawu cikin tsohuwar taguwar aiki yana jaye da jaki, yana bin ƙofa ƙofa. Kiransa har yanzu yana kunnena: "Salamu alaikum, masu gida! Baduku na! Hwata nika roƙo, ba nama ba!" Mutane suka yi ta dariya, dattijo mai sana'a da rufin asiri ya koma roƙo. Ko a jikinsa. Shekarar farko kaɗan ya samu, yawancinsu kuma duk huji, don masu fiɗa sauri suke su kai ga nama. Maimakon ya yi godiya ya wuce, sai ya tsaya faɗa a ƙofar gidan mutane. Ya ce wuƙa tsagawa kawai take yi, sauran aikin da dunƙulen hannu ake yi, a tura tsakanin fata da nama har ta saɓule. Kuma ba a shanya ta a rana, a inuwa ake rataye ta. Da shekara ta zagayo, tun kafin Sallah ya bi gidaje yana nuna wa magidanta yadda ake yi. Matarsa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai roƙo da sharaɗi ba sai mijinta.

Haka abin ya riƙa tafiya. Majema su jeme masa fatun, ya bar musu wani kaso ladan aikinsu. Wani kason ya musanya da zare da basilla da kayan rini. Sauran ya kai gidan yari. Abin da aka tara ranar Sallah shi ke riƙe rumfar nan har wata Sallar.

Gida ɗaya ne ya ƙi ba shi, gidanmu. A shekarar farkon nan ya tsaya a zauren Baba ya yi kiransa, ina bayan bango kamar kullum.

Baba ya ce, "Ragon da niy yanka don Allah, hwatatai ba ta zuwa hannun ɓarayi."

"Naman da kaka rabawa gobe, kana tambayar kowa halinai kahin ka miƙa mai?"

"Wannan daban na."

"To ji nan, Malam. Tuwon da aka ba su can ciki, da harajinka aka yin shi. Duk sadda sunka koma, kai ka ciyar da su. Basilla ta hi tuwon ga araha."

"Yaya, hita man zaure."

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na ce shi ke nan, alfarmar ma ta rushe. Amma Baba mutum ne mai magana ɗaya, bai janye alkawarinsa ba. Kawu kuma bai yi fushi ba. Kowace Sallah sai ya tsaya a ƙofarmu ya yi kiransa, a yi masa shiru, ya ce, "Allah shi maimaita muna," ya ja jakinsa.

A shekarar ce Inna ta yi layya da tunkiyarta ta kanta. Ta naɗe fatar ta ba matar Kawu, ita kuma ta fita da ita a ƙarƙashin mayafi. Baba ya gani, ya kau da kai. Bayan wasu watanni Kawu ya shigo ya miƙo mini wani ɗan ƙunshi. Na buɗe, 'yan takalma ne na 'yata, ɗaya ya fi ɗaya girma, ɗinkin kamar sawun kaza. Ya ce, "Aikin mijinki na, da hwatar uwarki. Na sa shi warware har yay yi hawaye. Wanga karon ni na kasa ce mai shi warware." Na rungume takalman na yi kuka mai isata. Yarinyar ba ta taɓa iya tafiya da su ba, amma suna nan cikin adakata.

Wani halin Kawu da ban manta ba shi ne tsayuwa a bakin ƙofa. Duk ranar da za a saki wanda ya koya wa aiki, zai je tun da safe ya tsaya a waje da ƙunshi: wuƙa, basilla, zare, da jemammiyar fata. Yakan ce ranar fita ta fi ranar shiga haɗari, ba ya barin mutum ya taka titi hannu wofi. Ba duka suka shiryu ba, kada in yi ƙarya a kan mamaci. Akwai wanda ya sayar da ƙunshin a kasuwa ranar da ya karɓa, kafin wata ya mutu ya koma ciki. Mutane suka yi wa Kawu dariya har da tafi. Da ya shiga ya gan shi, cewa kawai ya yi, "Ka dawo? To zamna, mu tashi inda munka tsaya." Amma da yawa sun fita ba su koma ba. Yau wani guga yake ɗinkawa, wani kube, wani gyaran takalmi a bakin tasha, suna ciyar da iyalinsu.

Da maigidana ya fito, Kawu ya zaunar da shi a gaban rumfarsa ta kasuwa, inda kowa zai gan shi. Da fari masu saye sai su leƙo su wuce. Sai Kawu ya ɓullo da wata dabara. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ɗaga murya yadda maƙwabtan rumfa za su ji, ya ce, "Ni na tahi masallaci, ga mai rumhwa nan." Ya bar masa kaya duka, ya je ya yi zamansa har rana ta karkata. A hankali aka saba. Baba ya cika alkawari ya mayar da ni ɗakina, amma bai taɓa sa takalmin surukinsa ba, in ya gaishe shi kuma amsar ba ta wuce "lahiya". Shi kuwa maigidana, tun da ya fito bai ƙara bin hanyar gidan yari ba. Ya gwammace ya zagaye rabin gari. Sau da yawa Kawu kan ce ya raka shi ya taya shi koyarwa, sai ka ga gumi ya karyo masa. Kawu bai taɓa matsa masa ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai, gari na ta murna, wani babban ma'aikaci ya shiga ya ga rumfar Kawu. Abin ya burge shi, ya sa aka yi mata rufin kwano aka kawo bencina. Kawu ya yi godiya ƙwarai, ya yi ta sa albarka. Da ya dawo gida ya ce wa matarsa, "Ruhi ya yi kyau, amma ba a ɗinka kwano. Hwata nika so." Ya ci gaba da yawonsa na Sallah, ko da yake gwiwa ta fara ƙi, har ya zama jakin ne yake ɗaukarsa, fatun kuma a aza a gabansa. In masu riƙe da baitulmali yanzu za su ji maganar mace, su duba abin da tsoho ɗaya ya yi da fatun sadaka, su sa wa aikin nan hannu.

To, Kawu ya rasu. Maigidana ya rufe rumfa, muka ce na makoki ne. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, bai buɗe ba. Sai ya zauna a tsakar gida da wuƙar Kawu a hannu yana juya ta, ba ya yanka komai. Hatsi ya fara ja baya a gidan. Na san wannan zaman. Irinsa ya yi kafin akuya, irinsa ya yi kafin turmin zane. Tsoro ya kama ni, maganar Baba ta riƙa dawo mini. Wani ganduroba ya zo ya ce rumfar cikin gidan yari ta zama kango, mutanen suna tambaya ko shi ke nan. Maigidana ya saurare shi, ya ci gaba da juya wuƙar.

Ranar Sallah na tafi gidanmu taya Inna aikin nama, na bar shi a zaune inda yake. Bayan azahar an jera raguna a tsinke gefen wuta, unguwa ta cika da hayaƙi da ƙamshi. Ba wanda ke sauraron kira, kowa ya san mai kiran ya tafi. Sai na ji takun jaki ya tsaya a ƙofar gida. Wata murya ta fito, ƙasa ƙasa, tana rawa.

"Salamu alaikum, masu gida. Baduku na. Hwata nika roƙo, ba nama ba."

Muryar maigidana ce. Inna ta damƙe hannuna, muka tsaya bayan bangon nan da na saba laɓewa. Zauren cike yake da maƙwabta da suka zo barka da Sallah. Mutumin da aka ɗaure kan sata ya tsaya yana roƙon kayan mutane, kuma duk gidajen garin nan bai fara da ko'ina ba sai gidan da bai taɓa bayarwa ba. Kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa ta mayar da shi tsakar gida ya zauna, ni kuma na san ƙarshen wannan zaman.

Can Baba ya ce, "Wa za shi kai ta ciki?"

"Ni, Baba."

"Kai da ƙahwarka?"

"Da ƙahwata."

Sai na ji Baba ya tashi. Ya shigo ya wuce mu bai dube mu ba, ya zagaya bayan rumbu, ya fito da fatar ragonsa. A inuwa take rataye, ban ma lura da ita ba. Inna ta raɗa mini cewa da safe ya sallami mahaucin da ke yi masa fiɗa, ya naɗe hannun riga ya yi da kansa, da dunƙulen hannu, yana gumi yana tsaki, bai bari kowa ya taɓa ba. Ya koma zaure, na ji ya ce, "Amshi. Duba ta da kyau, babu huji ko guda." Da maƙwabta suka ga haka, kowa ya tashi ya nufi gidansa ɗauko tasa.

Da majema suka gama aikinsu, wata safiya maigidana ya ɗora fatu a kan jaki ya bi hanyar da ya yi shekaru yana zagayewa. Ranar tuwona ya kama, miyata ta yi gishiri, duk motsin da na ji a ƙofa sai na miƙe. Da la'asar na ji sallamarsa. Ya shigo hannayensa jajawur, ya zauna, na kawo masa ruwa. Na ce, "Ƙaƙa kab baro su?"

Ya ce, "Akwai wani sabo, hannunai na da kyau. Ya kawo man ɗinki, nic ce mai ya yi kyau."

"Sai mi?"

"Sai nic ce shi warware."

Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka, muka yi shi tare.

Na gode wa Allah da ya ba mu Kawu. Ya Ubangiji, ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka ba matarsa da mu haƙurin rashinsa. Yadda ya riƙa tsaya wa bayinka a bakin ƙofa don kada su fito hannu wofi, shi ma ka sa a tare shi a bakin ƙofa. Amin.